Gadon Ƙasan da Arzika Ya Gina wa Hassi

Kakata Tumba ba ta iya ba da labari a zaune wuri ɗaya. Za ta fara tana bakin gado, kafin a kai tsakiya ta miƙe ta je ta leƙa ƙofa, ta dawo ta tura itace a wuta, ta koma ta gyara zaman tulun da babu abin da ya same shi. Mu jikoki sai mu riƙa juya wuya muna bin ta kamar kaji sun ga mai tsaba. Ni dai abin haushi yake ba ni, don tun ina yaro ba ni da haƙuri. Ita kuma ta san haka sarai, shi ya sa take ƙara ja mini rai.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gangara, a ƙasar Sabon Birni, kuma idan sanyi ya sauka babu ɗakin da ya kai nata ɗumi. Gadonta ne dalili. Yaran yanzu ba su san gadon ƙasa ba, to bari in faɗa musu. Gini ne na jar ƙasa a jikin bango, tsayinsa ya kai gwiwar babban mutum, cikinsa rami, da 'yar ƙofa a gefe inda ake zuba garwashi ko a tura itace. Wuta na ci a ƙasa, kai kana kwance a sama bisa tabarma, zafi na ratsa bayanka a hankali har ka manta ana ɗari a waje. Da an ci tuwo an yi sallar lisha sai tsere ya tashi, ni da ƙanwata Balki da 'ya'yan ƙanen babanmu, kowa na son ya riga kama saman bakin wutar, don nan ne ya fi zafi. Ni nake ci kullum, saboda na fi su tsawon ƙafa da rashin kunya.

"Ku dibi mijin banza," in ji Kaka. "Ko ɓarin goro bai kawo man ba, amma shi na gaba wurin tare gado."

"Da wane haƙorin za ki ci goron?" in ce da ita.

Sai ta ɗaga mafici kamar za ta kwaɗa mini, in kauce, kowa ya yi dariya, sannan a shiga gatana. Yawanci ta kura ce da zomo, ko ta 'yan aljanun bakin gulbi, irin waɗanda ake dariya a tashi a manta. Amma akwai labari guda da ba ya cikin waɗannan, kuma ni na jawo shi da bakina ranar da na fara jin sa.

Wani ɗan uwanmu ne ya dawo daga kasuwar Isa yana ba da labarin gadon ƙarfe mai rumfa, wai in ka hau yana lilo da kai. Abin ya shiga raina. Da dare ina kwance a wurina mai zafi, sai na buga dunduniya a gefen gadon Kaka na ce, "In na girma za ni rushe wannan tsohon abin, in sayo miki na ƙarfe."

Tana tsugune tana hura wuta. Ta ɗago kai, hasken ya kama zanen Gobir da ke kumatunta, kuma babu alamar wasa a fuskar.

"Mi kac ce za ka rushe?"

Na janye dunduniyata. Balki ta matsa nesa da ni, wai kada abin da zai same ni ya shafe ta.

"Tashi zaune," in ji Kaka. "Ku duka ku tashi. Wagga ba gatana ba ta, kada wanda yac ce man ta zo mu ji ta. Abin da anka yi na, kuma ga jininku anka yi shi."

Ta ce zamanin jihadi ne, bayan an ci Alkalawa, babban birnin Gobir. Mutanen birnin suka rabu. Wasu suka zauna ƙarƙashin sabon mulki suka ci gaba da nomansu. Wasu suka ƙi, suka yi arewa da matansu da 'ya'yansu da jakunansu, yau suna wannan zango, baɗi suna wancan, ana kai musu yaƙi suna kaiwa, kullum da niyyar komawa gida. Ba a gina Sabon Birni ba tukuna. Abin ya yi tsawo har yaran da aka goyo daga birni suka yi gemu a hanya.

Ban bari ta yi nisa ba na katse ta. "To su wa ke da gaskiya, masu jihadin ko namu?"

"Ni gado nika ba ka labari, ba yaƙi ba," ta ce. "Uwata ɗiyar malamai ta, ubana kau ga zanenai a huskata. Duk wanda niz zaga, kaina niz zaga. Kame bakinka ka ji."

A zangon da kakanninmu suke, akwai wata al'ada. Ba sarki ne ya kafa ta ba, ba kuma malami ba, haka kawai ta tsiro a tsakanin mutane har ta fi doka ƙarfi. Ba a gina gadon ƙasa. Bukka ce ta zana da kara, a kafa gwafanni huɗu, a ɗora gadon kara a kai, ranar tashi a kwance shi a aza wa jaki. Suna shuka gero, don gero ana yanke shi a tafi da shi. Har rijiya suna haƙawa, don ƙishi ba ya jira. Amma gadon ƙasa ba ya hawa jaki. Duk wanda ya kwaɓa ƙasa ya gina shi, to ya faɗa wa duniya cewa shi ya zauna ke nan, ya fid da rai da Alkalawa. In an zo wucewa ta ƙofarsa sai a tofar da yawu.

Wanda ya fi kowa zafi a kan wannan al'ada shi ne Arzika, maharbi, gwanin baka. A wuyan ubansa aka fito da shi daga birni, kuma abin da yake iya tunawa bai wuce wata tsamiya a ƙofar gidansu ba, ita ma ba shi da tabbas ko gani ya yi ko ba shi labari aka yi. Kaka ta ce shi da bai san birnin ba ya fi tsofaffin da suka san shi ɗoki a kansa. Akwai shekarar da maƙwabcinsa Nomau ya gina ɗan gadon ƙasa a ɓoye saboda tsohuwar uwarsa mai ciwon gwiwa. Arzika ya ji labari, ya ɗauki taɓarya, ya shiga bukkar da rana tsaka ya farfasa shi, mutane na kallo, tsohuwa na zaune a gefe. Nomau ya kwashe ɓaraguzan a kwando ya kai bayan zango.

Nan Kaka ta miƙe ta tafi ta leƙa ƙofa. Babu kowa a tsakar gida sai awaki, amma ta daɗe tana kallo. Na ce, "Kaka, don Allah ki dawo mana!" Ta dawo a lokacin da ta ga dama.

Matar Arzika sunanta Hassi, kuma tana da ciki. Haihuwarta ta fari ɗan bai zauna ba, ita ma da ƙyar ta tashi, tun daga nan sanyi kaɗan sai ya kwantar da ita. Lissafin wannan cikin kuwa ya nuna tsakiyar ɗari za ta haihu. Kun san yadda ake yi wa maijego a wurinmu: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, sannan ta kwanta bisa gado mai wuta a ƙasa, jikinta ya gasu, sanyi bai samu ƙofar shiga ba. Gadon kara kuwa iska ce ke yawo a ƙarƙashinsa, kuma ba ka isa ka kusanto masa da wuta ba.

Ungozomar zangon, wata tsohuwa mai suna Ige, ta tare Arzika tun ana yankan gero.

"Arzika, ka kwaɓa ƙasa yanzu, tun rana na da ƙarhi, shi bushe kahin lokaci. Matarka ba ta da jinin ɗaukar sanyi."

"Iya, matan zangon ga duka bisa kara suka haihuwa."

"Awo. Kuma ni ka wanke waɗanda ba su tashi ba. Kai ba ka ganinsu, ni ka ganinsu."

"Mun kusa tashi, Iya. Bana za mu gida. In mun kai, ni da hannuna za ni gina mata wanda babu irinai."

"Ɗan da ke cikin ga bai san bana ba," in ji Ige, ta kama hanyarta.

Kada ku ɗauka Arzika mugu ne. Kaka ta dage a kan wannan, har tana nuna mu da yatsa. Yana son Hassi so na gaske. Ya tara mata itace har tulin ya fi bukkar tsayi. Ya ninka zana a bangon da iska ke bugowa. Ya harbo barewa ya jeme fatar don ta shimfiɗa, ya bi Buzaye ya samo mata kanwa mai kyau. Duk abin da miji zai yi ya yi, ban da abu ɗayan da aka ce ya yi. Ga shi kuma kullum da sabon labari a zango: an ce sarki ya aiko, an ce ana tara mayaƙa, an ce da ganin wata za a ɗaura kaya. Wata ya tsaya ya mutu, ba a ɗaura komai ba. Arzika ya ce to wata mai zuwa.

Hassi ba mai yawan magana ba ce, sau ɗaya tak ta yi masa zancen. Ya shigo da yamma yana ba ta labarin tsamiyar ƙofar gidansu da irin inuwar da za ta sha, tana zaune ta naɗe ƙafafu cikin zane, cikin ya yi nauyi. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Maigida, ni ban san birni ba. Sanyi nis sani."

Maganar ta shige shi. Da gari ya waye ya ɗauki kwando ya nufi kududdufin da ake ɗibar jar ƙasa. Hanyar kuwa ta gaban inuwar da maza ke zama take bi, kuma ranar Nomau na cikinsu yana tufkar igiya. Nomau ya ɗago kai ya dubi kwandon. Arzika ya wuce kududdufin kamar ba nan za shi ba, ya shiga daji, ya dawo da kwando cike da 'ya'yan magarya.

"Magarya!" in ji Kaka, ta tafa hannu. "Mace na hama da sanyi, namiji ya kawo mata magarya, don kada wani ƙato shi yi mai dariya. Ku maza, Allah shi shirye ku."

"Ni me na yi?" na ce.

"Ba ka yi ba tukuna."

Hassi ta haihu cikin tsananin ɗari, 'ya mace, lafiyayya. Ranar farko lafiya lau, aka yi wanka, aka sha kunu, mata suna shigowa barka. Kafin a je ko'ina sai rawar sanyi ta kama ta. Ige ta gasa duwatsu ta naɗe a tsumma ta jera mata a jiki, kafin a jima sun huce. Ta zuba garwashi a kasko ta tura ƙarƙashin gadon, kara ya fara ƙauri yana hayaƙi, dole aka janye da sauri. Aka lulluɓa mata duk zanen da ke gidan da fatar barewar, amma wanda ke tsaye a waje yana jin haƙoranta suna haɗuwa.

Arzika ya tsaya a ƙofar bukka yana jin wannan ƙara har rana ta take tsaka. Sai ya ɗauki galma da kwando, ya bi ta gaban maza, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma gaishe da kowa ba. Ya sari ƙasa, ya yi ta jida yana zubawa a ƙofar bukkarsa, ya watsa ruwa da yankakkiyar ciyawa, ya naɗe wando ya shiga cuɗawa da ƙafa. Zango duka ya fito kallo. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Arzika, halan gado za a yi? A kawo taɓarya?" Wasu suka yi dariya. Shi dai yana ta taka ƙasa, idonsa a ƙasa, har ya ga wasu ƙafafu biyu sun shigo cikin kwaɓin kusa da nasa. Nomau ne.

"Ko sannu bai ce mai ba," in ji Kaka. "Kuma wallahi da ya zage shi, da ya hi mai sauƙi."

Su biyu suka gama ginin kafin faɗuwar rana. Suka ta da gefuna, suka jera itatuwa a sama, suka shafe da ƙasa mai kauri, suka bar ƙofar wuta. Ige ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "Yanzu sai haƙuri. Ɗanye na. Garwashi kaɗan kaɗan za a riƙa sa mai, shi sha iska, shi bushe da kainai. Kada ka matsa mai."

To wanda ya yi watanni yana cewa a jira, yanzu shi ne ba ya iya jiran kwana ɗaya. Ya sa garwashin kaɗan, ya taɓa, ɗanye. Ya fita ya zagaya bukka ya dawo ya taɓa, ɗanye. Ga Hassi a gefe guda tana karkarwa, jaririya na kuka ba ta iya riƙe ta da kyau. Da Ige ta tafi gida ta ɗan huta, sai ya kwaso itacen nan da ya tara, manya manya, ya cusa a cikin gadon ya hura wuta irin ta gashin tukwane. Tururi ya cika bukka har ruwa na ɗiga daga rufi. Ya ji daɗi, ya ce ga shi yana bushewa. Wutar ta cinye itatuwan da ke riƙe da saman, ƙasar ta tsage daga wannan gefe zuwa wancan.

Kaka ta bar mu muna jira, sannan ta buga tafi ɗaya da ƙarfi. "Rugum!" Balki ta yi ƙara, ni kaina sai da na ɗaga jikina daga kan gadon da nake zaune.

Saman ya rufta cikin wutar. Da ƙyar aka kashe ta ba ta kama zana ba, kuma sai da aka fitar da maijego da jaririya waje cikin iska kafin hayaƙi ya fita. Ige ta zo da gudu, ta dubi abin da ya faru, ta dubi Arzika. Ta ga babu abin da za ta faɗa masa da bai riga ya faɗa wa kansa ba.

Washegari suka sake kwaɓi, shi da Nomau, wannan karon har da wasu maza biyu da suka zo ba a kira su ba. Aka sake gini. Arzika ya zauna a gabansa da kasko, yana sa garwashi kaɗan kaɗan kamar yadda aka ce, yana taɓawa, yana jira. Gefuna suka fara yin fari. Hassi tana kwance bisa kara tana kallonsa, rawar sanyin ta daina, jikin ya koma zafi kamar wuta, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Ashe ka iya gini, Maigida. Ya yi kyau." Ya ce mata gobe za ta hau, in Allah ya so.

Ana gobe suna ta rasu, da hantsi. Bayan an kai ta an dawo, Arzika ya shiga ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar gadon ya danna. Da ya ɗaga, shatin yatsunsa ya fito a jiki.

Balki tana ta kuka a cinyar 'yar uwarmu. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Na ce, "Wannan ai wawa ne! Wawa na gaske!"

"Kakanka na," in ji Kaka. "Ka iya bakinka."

Gadon ya bushe daga baya, ya yi ƙarfi kamar dutse. Matar Nomau tana goyo a lokacin, ita ta karɓi jaririyar, ta dawo bukkar ta riƙa kwana bisa gadon da yara biyu a ƙirjinta har sanyi ya wuce. Aka sa wa yarinyar Talle. Ita ce kakar Kaka Tumba, kuma daga bakinta Kaka ta ji labarin, ita ma kamar yadda matar Nomau ta ba ta. Kafin ƙarshen wannan ɗarin an gina gadajen ƙasa a bukkoki da dama, babu wanda ya sake tofar da yawu. Arzika bai taɓa ko zama a kan nasa ba. Gab da damina kuma sai ga manzo, wai a tashi, mayaƙa na tafe. Aka ɗaura kaya, aka kwance gadajen kara aka aza wa jakuna, aka nausa gaba. Ba Alkalawa aka nufa ba, wani zangon ne. Gadon aka bar shi nan cikin daji.

Sai na ga kamar na kama Kaka. Na ce, "To ai ashe yana da gaskiya! Ko da ya gina da wuri, barin sa za a yi."

Ta daina tura itacen da take turawa, ta juyo.

"Awo, da an bar shi," ta ce. "Amma da Hassi ta bi jakkai da ƙahwahunta."

Ba ta rufe da abin da ake rufe gatana da shi ba. Ta ce mu tashi mu ba ta wuri, bayanta na ciwo. Bayan wannan na sake jin labarin a bakinta wasu shekarun, kullum cikin sanyi, kullum tana yi tana leƙa ƙofa, kuma ba ta taɓa cewa ga darasin da ke ciki ba.

Ni na ciro masa darasi da kaina. Na girma na zama malamin firamare, na koyar a wajen Kurawa shekaru masu yawa. Sunan gado yana cikin kalmomin Turanci na farko da ake koya wa yara, gajere ne, da hotonsa a gefe mai ƙafafu huɗu da matashi, irin wanda yawancin ɗalibaina ba su taɓa hawa ba. Daga baya na gane Bature har fangalin albasa da ƙasan gulbi da wannan suna yake kiransu, wato duk inda abu ya kwanta ya natsu. In na zo nan sai in ajiye alli in ba yara labarin Arzika, in rufe da cewa taurin kai ba shi da amfani, kuma abin da ya kamata a yi yau kada a kai shi gobe. Yara su amsa da "To, Malam." Ni ma in ji na faɗi magana, in koma gida hankalina kwance.

Sai rashin tsaro ya zo ƙasarmu. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, duk wanda ke wannan yanki ya san shi, kuma za ni iya rantsuwa ya gaji da jin sa. Mun bar ƙauye da abin da hannu zai iya ɗauka. Ƙanen matata Rabi ya ba mu ɗaki a Isa, mai daɓen siminti, muka shimfiɗa tabarma. Mu mutanen ƙauyenmu da muka taru a nan muna da wata bishiya da muke zama ƙarƙashinta, kuma kullum da sabon labari: an ce an yi sulhu, an ce hanya ta buɗe, an ce da an sha ruwan farko za a koma shuka. Babu wanda ya ce kada a sayi abu mai nauyi. Amma babu wanda ya saya.

Wata safiya na ga Rabi tana tashi daga tabarma. Ta fara durƙusawa, ta dafa bango, ta tsaya a rabi tana numfashi, sannan ta miƙe. Ta ga ina kallonta sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, simintin nan yana shiga ƙashi."

Ban bari ta faɗa sau biyu ba. Ni da na sha labarin Hassi tun ina tsere a kan gado, wa zai gaya mini? Ranar na tafi wurin kafinta na sa ya yi mata gado. Da ya gama, aka ɗora a baro aka turo, kuma hanyar gidan ta gaban bishiyarmu take bi. Hira ta tsaya cak. Wani abokina, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara, ya dubi katakon ya dube ni ya ce, "Malam, ashe an zauna ke nan?"

Na ce, "Rabi ce ba ta jin daɗin bayanta."

Ya ce, "Allah shi sawwaƙa," ya mai da kansa wani gefe.

Kafinta ya haɗa shi a cikin ɗaki. Kowace ƙusa ya buga sai in ji ta a ƙirjina, don na san abin nan ba zai fita ta ƙofar nan cikin gaggawa ba, kuma na san abin da na faɗa wa kaina ke nan ba tare da na buɗe baki ba. Gonar gero da ubana ya bar mini, da rijiyar da na haƙa, da kabarin Kaka Tumba, duk sai na ga sun ƙara nisa. Rabi ta yi sallar azahar ta hau, ta miƙe ƙafafu, kafin in gama sallamar kafinta barci ya ɗauke ta, irin barcin da na daɗe ban ga ta yi ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na nemi gafarar Arzika a zuciyata kan zagin da na yi masa ina yaro. Har gobe ina cewa ya yi kuskure, kuskuren da ya ci rai. Amma abin da ya riƙe masa hannu ba wauta ba ce, yanzu na ɗanɗana shi, kuma yana da ɗaci.

Ciwon bayan Rabi ya yi sauƙi, alhamdu lillahi, tana tashi ba ta dafa bango. Ta ce mini gadon ya ishe mu mu biyu, me nake yi a ƙasa? Na ce mata katifa zafi take sa ni. Ta san ba haka ba ne, ba ta sake tambaya ba. Har yau a tabarma nake kwana, kusa da ƙofa.